Ba a Wuce Mamaci

Da sunan Allah nake farawa, ina roƙonsa ya ba hannuna ƙarfin rubuta abin da bakina ya kasa faɗa shekara shida. Wannan babin na Hadiza ne, autata. Ku 'ya'yana kun san wajen haihuwa ta rasu, kun kuma san abin da ake faɗa a cikin dangi, wai likita ta sa mata ranar da za a yi mata aiki a ciro jaririyar, ita kuma tsoro ya hana ta zuwa. Na sha ji kuna cewa, "Allah ya jiƙan Hadiza, ba don taurin kai ba." Duk ranar da aka faɗi haka a gabana sai in sunkuyar da kai in ce amin. To ƙarya ce, kuma da sanina na bar ta ta girma a gidan nan. Hadiza ba ta ƙi aiki ba. Ni na hana ta. Ke kuma Ummi, 'yar da ta bari, yanzu kina aji ɗaya kina haɗa baƙi da ƙyar, amma ranar da za ki iya karanta wannan tana zuwa, kuma na fi so ki ji daga gare ni kafin wani ya kira uwarki matsoraciya a gabanki.

Kafin in kai ga ranar, sai kun san tarbiyyar da aka yi mini, don ta nan abin ya samu ƙofa. A gidanmu na Ƙofar Kaura, inda aka haife ni, mahaifina yana da doka guda wadda ko baƙo ya kwana biyu sai ya koye ta: ba a wuce mamaci. In an zo wucewa da makara, ko loma ce a bakinka sai ka tsaya. In an faɗi rasuwa, ko ta wanda ba ka taɓa jin sunansa ba ce, sai ka ajiye abin da ke hannunka, ka yi salati, ka roƙa masa gafara, sannan ka ci gaba da sha'aninka. Da aka kawo ni Ƙofar Kwaya gidan mahaifinku, sai na tarar shi ma irinsa ne. Kun tuna yadda yake ɗaga hannu in an fara sanarwar rasuwa a rediyo, gidan ya yi tsit har mai daka ta riƙe taɓarya? Ni ma shekara talatin ina koyarwa a firamare, ban taɓa yarda a wuce da gawa ta bayan tagar ajina yara suna rera ɗaya sau ɗaya ba. Ina alfahari da wannan hali, kuma har gobe ban ce laifi ba ne.

A shekarar da nake magana, mahaifinku ya rasu da farkon bazara. Ya dawo daga rumfarsa ta atamfa a Babbar Kasuwa ya ce kansa na sarawa, kafin la'asar ɗin washegari an kai shi makwancinsa. Na shiga takaba. Wanda bai yi takaba ba yana zaton wahalarta a makon farko take, alhali a makon farko gida cike yake da mutane, ba ka ma samun wurin yin kukanka. Sai bayan kowa ya kwashe tabarmarsa ya koma gidansa ake sanin an yi rashi. Babbanku, wanda ba zan rubuta sunansa ba tunda ban taɓa kiransa ba kuma ba yau zan fara ba, shi ya lura da haka. Ana gobe zai koma wurin aikinsa a Legas ya kawo mini babbar waya, irin wadda ake shafawa, ya sa mini manhajar nan ta gajerun bidiyo, ya zauna a gefen tabarmata yana nuna mini.

Ya ce, "Umma, ga wannan ta ɗebe maki kewa. Ba sai kin nemi komi ba, ita za ta riƙa kawo maki. Ke dai ki riƙa ja da yatsa sama."

Na ce, "To ina ta san abin da nike so?"

Ya yi dariya ya ce, "Za ta koya."

Kwanakin farko ba laifi. Mata masu koyar da girki, 'yan barkwanci marasa kunya, wani mai kiwon tattabaru, wa'azi kaɗan. Ina ja ina tsaki, don ni dai ban ga abin dariya a ƙato ya ɗaura zani yana kwaikwayon tsohuwa ba. Ranar nan da hantsi sai ga hoton wani dattijo da farar hula, an ɗora masa karatu a hankali, an rubuta cewa ya rasu a Damagaram. Ban san shi ba. Amma yatsana ya tsaya da kansa. Na yi salati, na karanta masa abin da ya sawwaƙa, na bar bidiyon ya ƙare ya sake farawa don ban gama ba. Sannan na ga mutane suna rubuta addu'a a ƙasa, ni ma na rubuta tawa, da cikakken rubutu irin na malamar makaranta, ba irin naku mai cinye rabin kalma ba. Washegari na samu biyu. Na tsaya musu duka. Kafin mako ya zagayo mai tattabaru ya ɓace, masu girki suka ɓace, har ƙaton nan mai zani na neme shi na rasa.

Ina so ku gane yadda gidan yake a lokacin. Tsakar rana, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, rana ta kori kowa daga lungu, ko mai tallan ruwa ba ka ji. Ni kaɗai a falon mahaifinku, takalmansa na nan a bakin ƙofa don na hana a ɗauke. Sai in buɗe wayar, sai su fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. Direba da ya yi hatsari a hanyar Funtuwa. Ɗalibi da rigar makaranta. Tsohuwa a kan darduma. Amarya da lallenta. Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne dukansu murmushi suke yi, don hoton Sallah ko na biki ake zaɓar musu, kuma dukansu ni suke kallo. Na ja wannan, ga wani a ƙarƙashinsa yana jira. Ban taɓa kai ƙarshensu ba. A unguwa, in mutuwa ta yi yawa, a yi uku a mako a ce shekarar nan da nauyi. Ni kuwa kafin azahar na yi ta'aziyyar da ta fi ta shekara guda, abincina ya huce, carbina ya jiƙe da gumi. In na ajiye wayar sai in ji kamar na rufe ƙofa na bar baƙi a tsaye a zaure. Tsoro nake ji, amma kunyarsu ta fi tsoron yawa, sai in sake ɗauka.

Ina gab da fita takaba aka kawo mini Hadiza goyon ciki, cikinta na fari, wata bakwai. Mijinta Nura yana aiki a Fatakwal, yaro mai kunya wanda har yau bai taɓa haɗa ido da ni ba. Zuwanta ya dawo da rai gidan. Tana waƙa in tana wanke-wanke, tana satar mini ƙuli-ƙuli, tana tsokanata wai na zama 'yar gayu mai babbar waya. Sai da ta leƙa ta ga abin da nake kallo ta daina tsokanar.

Ta ce, "Umma, mi ye wannan? Wayarki ko maƙabarta?"

Na ce, "Kul. Bayin Allah ne, addu'a suke nema."

Ta ce, "To ai ba ke kaɗai ce Musulma ba a duniya."

Na yi mata daƙuwa, muka yi dariya, maganar ta wuce. Amma tun da ta zo, ban ankara ba, na fi daɗewa a kan 'yan mata sa'o'inta. In na ga mai irin shekarunta sai in ƙura mata ido, in koma in karanta abin da ya kashe ta, in ƙara mata addu'a fiye da ta sauran. Sai tsofaffin suka fara raguwa. Direbobi suka ragu. Wayar ta cika da matasan mata.

A wata na tara ta dawo daga awo da katinta a hannu, ta ce an yi mata hoton ciki, jaririyar a gicciye take kuma ta ƙi juyawa, likita ta ce ba za a jira naƙuda ba, ta zo ranar Talata ta sama a yi mata aiki. Ta faɗe shi a sauƙaƙe tana cire hijabi, har tana cewa gara ma, ta huta da wahala. Ni na haifi bakwai a ɗakin nan ba wanda ya taɓa sa mini wuƙa, sai maganar ta ƙi kwanta mini. Da ta shiga wanka na ɗauki wayar, na nemi wurin da ake rubuta tambaya, na rubuta kalma biyu kacal: aikin haihuwa. Sau ɗaya na rubuta. Abin da ya fito ma ban gama dubawa ba ta fito, na kife wayar.

Daga washegari ba a sake nuna mini wadda ta mutu da zazzaɓi ko hatsari ba. Ta rasu bayan an yi mata aiki. Ta shiga ɗakin tiyata ba ta fito ba. An ciro ɗan, uwar ta cika. Safe da rana, mace bayan mace. Tsakaninsu kuma sai a sako wani mutum ko wata mata suna magana da ƙarfi, wai likitocin yanzu ba su da haƙuri, da sun ga mace sai wuƙa, wai iyayenmu da suka haihu a gida mene ne ya same su. Ban san su ba, ban san inda suka yi karatu ba, amma abin da zuciyata ke so ta ji suke faɗa. Ranar Asabar aka nuno mini wata, sunanta Hadiza. Ba tawa ba ce, wannan fara ce, 'yar wani gari. Amma atamfar da ke jikinta, mai ganye shuɗi, irinta ce sak da wadda mahaifinku ya ɗauko daga rumfarsa ya ba autarsa, kuma a daidai lokacin tana shanye a igiyar tsakar gida, iska na kaɗa ta. Na dubi waya, na dubi igiya.

Da yammar ranar maƙwabciyata Hajiya Tabawa ta shigo, wadda kun san ba ta shiga gida ba labari. Ita ma tana da irin manhajar. Na ce ta buɗe tata in gani, don ina so in ji yadda take jure wa wannan mace-macen. Ta buɗe. Biki. Ta ja, wani bikin. Mai sayar da leshi, mai haɗa turaren wuta, amarya na rawa, ga ƙaton nan mai zani yana nan da ransa. Muka yi ta ja har aka kira magariba, ko mamaci ɗaya babu. Sai na miƙa mata tawa. Ta ja sau biyar, ta ajiye ta a kan tabarma da sauri ta goge hannunta da gyale.

Ta ce, "Malama, wanga abu ba lahiya ba. Waya iri ɗaya, gari ɗaya, katanga ɗaya ta raba mu. Ni mi ya sa ba a nuna mani?"

Na ce, "Shi nike tambaya."

Ta rage murya ta ce, "Halan ke aka nuhwa da shi. Ki dai yi tunani. Wani abin ishara ne."

Ba na ɗora wa Tabawa laifi, abin da ke raina ta faɗa. Ni mai ilimi ce, na koyar da lissafi, ban yarda da bokaye ba, ban taɓa kai kuɗina wurin mai duba ba. Amma ga hujja a tafin hannuna. Da kowa ake nuna wa, da na ce labarai ne. Tunda ni kaɗai ce, kuma a makon da aka sa wa 'yata rana, sai na ɗauka gargaɗi ne aka aiko mini saboda addu'ar da na daɗe ina yi wa bayin Allah. Har na ji wani irin girma a raina, wai an zaɓe ni. Wannan shi ne abin da na fi jin kunyar rubutawa.

Ranar Litinin bayan azahar na tarar da ita a ɗaki tana shirya jaka: zannuwa, filas, 'yan rigunan jarirai da ta saya a Babbar Kasuwa, tana ninkewa tana shinshinawa. Na tsaya a bakin ƙofa.

Na ce, "Mayar da kayan nan. Ba inda za ki gobe."

Ta ɗago tana murmushi, ta zaci wasa ne. Da ta ga fuskata sai ta ce, "Umma, likita ta ce in naƙuda ta same ni a haka akwai hatsari."

Na ce, "Likita ta haihe ki? Ɗiya nawa na gani sun shiga ɗakin nan ba su hito ba? Kullum ina ganinsu. Ke ba ki gani, ni nike gani."

Ta ce, "A waya, Umma."

Na ce, "A waya. Ƙarya aka yi masu? Ba su mutu ba?"

Sannan ta ce a hankali, "Ni dai da kin bar ni na tahi."

A nan na yi abin da uwa ba ta yi sai ta rasa hujja. Na ce ban gama share hawayen ubanta ba, in ta taka ƙofar gidan nan gobe ban yafe ba. Na ga yadda kalmar ta shige ta. Ta kira Nura, ta ba ni shi, ya gaishe ni har sau uku, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce duk abin da Umma ta gani shi ne daidai. Me zai ce wa surukarsa da ba ta daɗe da fita takaba ba? Hadiza ta zare rigunan daga jaka ɗaya bayan ɗaya ta mayar cikin akwati. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma gaya wa ko ɗaya daga cikinku ba, don kada ku yi mini faɗa. Na sa aka karɓo mata rubutu, na kira tsohuwar ungozomar unguwa tana zuwa tana shafa cikin wai zai juya. Talata ta zo ta wuce lafiya, ni kuwa na ji kamar na tsallake da ita rami.

Kwana tara bayan nan naƙuda ta zo bayan sallar asuba. Har hantsi, har rana ta take, ba abin da ya sauko. Hadiza tana riƙe da ƙafar gado tana salati, leɓɓanta sun bushe, ba ta ce mini komai ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Wajen azahar ungozomar ta fito tsakar gida ta wanke hannu, ta ce, "Malama, wannan ba nawa ba ne. Ku tahi asibiti, yanzu." Tabawa ta tsayar mana da kurkura, keken nan mai ƙafa uku, a bakin lungu, muka sa ta a tsakiya, kanta a kafaɗata, kowane rami muka faɗa sai na ji shi a jikinta. A asibiti ba su ɓata lokaci ba. Suna tura gadon, wata ma'aikaciyar jinya ta buɗe katin, ta ga ranar da aka rubuta, ta dube mu.

Ta ce, "Tun waccan Talatar aka ce ta zo. Wa ya hana ta?"

Tabawa na tsaye, ƙanin Nura da ya iso yana tsaye. Na buɗe baki. Kafin in ce komai Hadiza ta juyo da kai daga kan gadon.

Ta ce, "Ni ce. Tsoro na ji."

Maganarta ta ƙarshe da na ji ke nan. An ciro ki da rai, Ummi, kina kuka kamar an aiko ki. Ita kuwa wahalar ta yi tsawo, jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa, suka yi iya yinsu, kafin magariba ta cika. Ƙanin Nura ya faɗi abin da ya ji da kunnensa, dangi suka ɗauka, Nura ya rufe bakinsa don kunyata, Tabawa ta rufe nata don tsoron rabonta a ciki. Ni kuma na karɓi suturar da 'yata ta lulluɓa mini tana kan gadon mutuwa, na yafa, na zauna ina karɓar gaisuwa.

Bayan sadakar bakwai babbanku ya ɗauki wayata zai kira wani, ya buɗe manhajar bisa kuskure. Na ga yana ja, fuskarsa na canzawa. Ya tambaye ni tun yaushe take haka, na ce tun ina takaba. Ban gaya masa sauran ba, na dai ce ni kaɗai ake nuna wa, ta Tabawa ba haka take ba. Ya zauna ya riƙe kai.

Ya ce, "Umma, ba wani ke aiko maki ba. Na'ura ce, ƙirƙirarriyar basira suke ce mata. Ba ta san mutuwa ba, ba ta san addu'a ba. Lokaci kawai take aunawa. Inda kika tsaya, sai ta ce nan kike so, ta ƙaro maki irinshi don ki daɗe a ciki. In kin yi rubutu a ƙasa, ta ƙara tabbatarwa. Hajiya Tabawa a biki take tsayawa."

Na ce, "To waɗanda aka yi wa aiki suka tashi lahiya fa? Ina suke?"

Ya ce, "Suna gidajensu suna shayarwa. Wa zai ɗora masu karatu ya yaɗa? Ko an sa, ba a tsayawa a kansu."

Ya ba ni haƙuri wai shi ya kawo mini abin da ya ƙara mini baƙin ciki. Bai san girman abin da yake ba da haƙuri a kai ba. Ni kuwa a zaune nake amma ji na yi ƙasa ta matsa. Ashe duk tsayawar da mahaifina ya koya mini, duk salatin, duk addu'ar da na rubuta da kyakkyawan rubutuna, a wurin wannan abu kwaɗayi ne. Ya ga tsohuwa na tsayawa a kan gawa, ya ce gawa take so. Ya ga ta fi daɗewa a kan masu ciki, ya tara mata su daga kowane gari ya jera. Bai yi mini ƙarya ko sau ɗaya ba, duk matan nan sun mutu da gaske. Zaɓa kawai ya yi. Na yi imani da ƙaddara, na san kwanan Hadiza ya ƙare, amma ban yarda in ɓuya a bayan wannan ba, ni na tsaya a bakin ƙofa na ce ban yafe ba. Sai dai ina da tambaya ga waɗanda suka ƙera shi, ko su wane ne, a ko wace ƙasa suke. Da suka koya masa auna tsayawa, ba wanda ya ce musu akwai garin da ake tsayawa don ladabi? Ko an faɗa musu, suka ga tsayawa dai tsayawa ce?

Babbanku ya so ya goge manhajar a ranar, na hana shi, na ce sai an yi arba'in. Ban san dalilina ba a lokacin. Ana saura kwana uku arba'in ɗin, da hantsi, Ummi na barci a cinyata, na buɗe. Na ja sau biyu. Sai ga Hadiza, tawa, da atamfar nan mai ganye shuɗi, tana dariya ranar kamunta, tana kallona. Wata ƙawarta ce ta haɗa hotunan don ƙauna, ta ɗora karatu, ta rubuta a sama: ta rasu bayan an yi mata aiki. Ba ƙarya a ciki. Na'urar ta ɗauko 'yata ta sa ta a layi, ta kawo mini ita kamar yadda ta kawo sauran, don ta san irin wadda nake tsayawa a kai. A ƙasa addu'o'i ba iyaka, daga mutanen da ba su san ta ba, masu ladabi irina. Ina karantawa ina cewa amin, har na kai kan wata da ba ta sa hotonta ba, sunanta kawai Maman Safiya. Ta rubuta: "Allah ya jiƙanta. Kullum sai na ga irin wannan. Shi ya sa na ce ɗiyata ba za a yi mata ba, ko me likita zai ce."

Nan take na ba ta amsa. Na ce ni ce uwar wannan yarinyar. Na ce ba aiki ya kashe ta ba, jinkiri ne, kuma ni na jawo shi. Na ce na'ura ce ke tara mata su don tana tsayawa. Na ce don girman Allah ta kai 'yarta ranar da aka ce. Ita ce mutum ta farko da na gaya wa gaskiya, baƙuwar da ban san garinsu ba, ku kuwa da na haifa sai yau. Kafin azahar sababbin addu'o'i sun binne maganata, sai na yi ta ja kafin in gano ta. Na sake rubutawa washegari, da washegarinsa. Ba ta amsa ba.

Kun sha yi mini tsiya a kan tsohuwar wayar nan mai fasasshen gilashi, kun sayo mini sababbi har biyu suna cikin akwati. Yanzu kun san dalili. Kowace safiya in na idar da walaha sai in buɗe bidiyon Hadiza, in gangara wurin Maman Safiya in duba. Na san lissafi, na san cikin Safiya ba zai kai shekara shida ba, ko ta sauka lafiya ko an kai ta tuntuni. Amma ba a gaya mini ba, ni kuma ba zan iya rufe ƙofar ba. Na'urar tana ganin inda nake zuwa kullum, don haka har yau ba ta fasa kawo mini su ba, matasa, masu murmushi, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Yanzu wuce su nake yi da sauri, ni da nake 'yar mahaifina, sai na kife wayar a kan darduma sannan in yi musu addu'a a inda ba ta gani.

Ummi, uwarki ba ta ji tsoro ba. Ta shirya jakarta da hannunta tana shinshina rigunanki. Wadda ta ji tsoro ita ce wadda ta goya ki, take yi miki kitso ranar Juma'a, kike kira Umma. In kin gama karanta wannan, ki zo ki same ni in ina raye, ki faɗi duk abin da ke bakinki. A wannan karon zan tsaya in ji.